Garwashin Inna Yalwa

Ina tankaɗe a tsakar gida a Birnin Kudu 'yata Safiya ta fito da waya a hannu, ta ce, "Umma, Kawu Nasiru ya sa hoton Inna." Nasiru ɗan kawuna ne, tare muka tashi a Dingaya ta ƙasar Gwaram a hannun kakarmu Inna Yalwa. Na ce ta karanta mini, don da Turanci ya yi rubutun, nawa Turancin kuwa bai wuce na firamare ba. Ta karanta layi biyu, ashe sanarwar rasuwar Inna ce. A haka na ji rasuwar matar da ta raine ni. Kafin a kira ni daga gida, mutanen da ba su taɓa ganin ta ba sun riga sun yi wa Nasiru ta'aziyya.

A motar Gwaram, don kada in yi kuka a gaban mutane, na tambayi Safiya wata kalma da nake yawan gani manne da sunansa, wai novelist. Ta ce a Turanci haka ake kiran mai rubuta dogon labari wanda ya ƙago da kansa. Sana'a ce, ana sa ta kusa da suna kamar yadda ake cewa Injiniya wane. Ba a ba mawaƙi, ba a ba mai gajeren labari, sai mai littafi mai kauri. Na ce, to irin su Inna fa, me suke kiran su? Ta yi tunani ta ce ita dai a makaranta an koya musu cewa tatsuniya labari ne da ba shi da mai shi.

Labaran Inna kuwa duk suna da masu su. Bayan kaka, in an yi sallar isha, takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta zube gyaɗa a tabarma, mu kewaye muna ɓara. Ba ta fara labari sai ta faɗi inda ta samo shi. "Wannan na Goggo Dije ne ta Zandam, ita kuma a bakin wata mai tallan nono ta ji." Mu ce Allah ya jiƙansu, sannan ta buɗe baki. Dokarta ɗaya ce: hannu ya tsaya, labari ya tsaya. Nasiru ya fi kowa cin gyaɗar, ya fi kowa ƙin ɓara. Takan ce masa, "Maigidana, bakin naka dai ba ya hutu, hannun ne ke ciwo?"

Na Goggo Dije shi ne na mai garwashi. Wani mutum ne ya fito daga garin da ba su san wuta ba, tuwo ma ba su sani ba, tsaba suke tauna. Ya sauka a bukkar wata tsohuwa, ta ba shi abinci mai zafi, da safe ta sa masa garwashi a tsingaro ta ce ya kai wa mutanensa. Da ya isa gida ya ce tafin hannunsa ya murza wutar ta fito. Aka naɗa masa rawani, aka gina masa gida mai zaure. Ana nan ruwan sama ya kashe wutar tsohuwa, ta ɗauki tsingaronta ta bi sawunsa har ƙofar zauren, ta yi sallama.

A nan gyaɗar ranar ta ƙare, Inna ta karkaɗe zanenta. Muka yi magiya, ta ce, "Tsohuwa ta yi tafiya, ku bar ta ta huta." Washegari aka kai Nasiru makarantar kwana. Ni na ji ƙarshen, ni da ƙannena. Shi ya yi ta zuwa hutu, bai taɓa tambaya ba.

Littafinsa da ya fito, Safiya ce ta fassara mini shi kaɗan-kaɗan. Labarin mai garwashi ne, ya sa masa kwat da mota, ya ja shi ya yi kauri. Na ce ta duba farko, ta duba ƙarshe. Ya gode wa malamansa, ya gode wa wani gida a Turai da suka ba shi ɗaki ya zauna ya yi tunani. Babu Inna, balle Goggo Dije. Da labarin ya kawo shi ƙofar zauren bai san hanya ba, sai ya kashe tsohuwar a cikin ruwa, wai masu karatunsa sun yi kuka. Mutum ya rubuta labarin nan shafi bayan shafi bai ga fuskar kowa a ciki ba.

Da muka isa Dingaya mun tarar an riga an kai Inna. Ana zaman makoki Nasiru ya same ni a ƙofar ɗakinta, inda ƙasa ta yi baƙi saboda wutar shekaru. Taubashina ne, da wasa ya fara.

"Baiwata, an girma ba a gaishe da iyayengiji."

Na ce, "Ya haƙuri, Nasiru."

Ya zauna ya ajiye waya a tsakaninmu, na ga tana ɗaukar magana. Ya ce za a sake buga littafin, yana so ya sa ainihin ƙarshen, don tunawa da Inna.

"Sunanta za ka sa?"

"Zan sadaukar mata. Amma ki gane, Hadiza, a can in ka ce labarin wani ne ka kwaso, sai su ce ai kai mai tattarawa ne. Wani layin ne daban, ba nawa ba."

"Goggo Dije fa?"

"Wace ce haka?"

Da gaske yake tambayar. Na dube shi, na ce ana jira na a madafa, na tashi.

Ina yarinya na ɗauka labarin mai garwashi na maƙaryata ne. Yanzu na ga mutumin bai ma ɗauki kansa maƙaryaci ba. Rawanin ne ba shi da wurin da za a rataya sunan tsohuwa, shi kuma rawanin yake so. Inna ba ta da lakabi ko ɗaya, amma ba ta taɓa cin labarin wani ba tare da ta sa an yi masa addu'a ba.

Nasiru yana ta kira, ba na ɗauka. Ba zan rubuta ƙarshen a nan ba, don yana karanta Hausa in ya ga akwai abin ɗauka. Safiya ma ta tambaya, na ce mata sai an zube gyaɗa. Gyaɗar bana tana buhu a ɗakin Inna, har yau ban iya shiga na ɗauko ta ba.