Rinin da Bai Kai Ciki Ba

Jiya na ji a rediyo wai likitoci na neman hanyar kai magani cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, inda cuta ke laɓewa. Sai na tuna kakana, marini a Ƙofar Mata. Duk yadin da ya tsamo, sai ya warware zare guda da farcensa shuɗi, ya duba ko shuni ya ratsa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, tarin fukarsa ya dawo. Na kai masa magani zaure, rigarsa na warin toka da shuni. Ya haɗiya, ya yi murmushi: "Jikalle, wannan rinin a sama ya tsaya, bai kai ciki ba." Bai ga azumin shekarar ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa rahama ta ratsa shi har ciki.