Ruwan da Matar Kumbo Ke Sha

Jikata, ɗiyar babban ɗana, ita ta kawo min labarin matar. Ta gama sakandare a Isa, tana son tafiya Sakkwato karatun kimiyya, uban ya ce sai abin da na ce. Shi ya sa ta biyo ni Gangara da wayarta, ta zauna gefen tabarma ina tsince gero.

Ta nuna min wata mata cikin ɗaki mai kama da tanki, gashinta a miƙe, tana lilo ba ƙasa ƙarƙashinta. Wai masaniyar kimiyya ce, tana cikin matan da suka hau kumbo zuwa sama. Wannan bai dame ni ba. Na tambayi abin da duk mai gida za ta tambaya: ina suke samun ruwa?

Yarinyar ta ce inji ke tara zufarsu da fitsarinsu, ya tace, su sha.

Na ture faifan.

"Wagga ce gwanarki? Mai shan bawalinta? Da shi take alwala?"

"Kaka, an tace shi fa. Ya fi na randarki tsabta."

"Randar da ta raine ki, marar kunya?"

Bazara ce, rijiya ta ƙafe, ruwan tafki muke sha. Ta tashi ta kamfato moɗa guda daga randar, ta tsiyaye ta a farin kallabina, ta miƙo min. Wasu jajayen abubuwa na ta mutsu-mutsu a kan ƙyallen.

"Da safe na ga shanu tsaye cikin tafkin har ciki," in ji ta. "Kaka, in fitsari ya matse su fitowa suke yi?"

Tun ina amarya nake ganin shanun nan, ban taɓa kai tunanina can ba. Ranar ko fura na kasa damawa. In na dubi randa sai na tofar da yawu, in na tuna matar kumbo sai na sake tofarwa.

Da uban ya iso bayan la'asar na ce a bar ta ta tafi.

"Ki koyo min injin nan," na ce mata. "Amma na tafki za ki tace. Nawa ba za ni sha ba, ko waye ya wanke shi."