Serveur ɗinmu a Rabon Gado

Mu huɗu muka fara aikin. Ƴar application ce ta waya, kyauta, kod ɗinta a buɗe, kowa na iya ɗauka ya gyara. Ka taɓa sunan iri, sai ka ji muryar wani tsoho ko tsohuwa na faɗin lokacin shukarsa da ƙasar da yake so. Ni ina Maradi, biyu suna Yamai, na huɗun yana Tasawa, kuma shi ya fi mu sanin aikin.

Kod ɗin mun sa shi a babban site ɗin da duniya ke ajiya. Muryoyin ne abokinmu na Tasawa ya hana a sa can. Ya ce mini:

"Kai ɗan birni, ran da suka rufe mana compte, wa za ka kai ma kuka? Muryar tsofaffinmu ɗakina za ta zauna."

"In ɗakin ya yi yoyo fa?"

"Na fi ka sanin rufina."

Ya haɗa tsohon ordinateur da panneau na hasken rana da batir, ya mai da shi serveur, wato ma'ajiyar da application ke ɗauko muryoyin. Gaskiya ya yi aiki, ko an ɗauke wuta shi yana nan.

Na hau kabu-kabu har ƙauyen Attantane na ɗauko muryar kakata. Ta daɗe tana bayani kan hatsi zango, da maiwa, da wani wake mai jure fari, tana yi tana tsokanata: "Maigidan nawa, kai da ba ka san riƙon hauya ba, me za ka yi da wannan?" Na tura ma abokinmu na Tasawa. Wayata ta cika, na goge nawa. Kafin wata damina ta rasu.

Mun sha cewa za mu yi kwafi. Muryoyin da nauyi, rezon intanet ba ƙarfi, kullum sai in ce in na zo Tasawa.

Gaisuwar mutuwar abokin namu ce ta kai ni. Zazzaɓi, kwana uku, shi ke nan. Na je da disque na kwafe muryoyin a aljihu, ban san ma me ya sa na ɗauko ba. Daga inda muke zaune ina hango ƴar koriyar wutar na'urar ta taga. Amma ta yaya? Mahaifinsa na karɓar gaisuwa, ni in buɗe baki in tambayi kayan mamaci? Na kira na Yamai, suka ce kunya ce, a bari sai an yi arba'in.

Bayan sati biyu application ta daina magana. Na ce batir ne.

Da aka yi arba'in na koma, na sami wansa.

"Yaya, na'urar nan ta ɗakin marigayi..."

"Ai an raba gado, ƙanena. Panneau na inna ne, na'urar ta faɗo kaina. Ta ƙi buɗewa, sai mot de passe, kalmar sirri, take nema. Na kai ma mai gyara ya wanke ta tas. Yanzu kamar sabuwa."

Na faɗa masa abin da ke ciki. Ya riƙe haɓa.

"Innalillahi. Ran gaisuwa da ka yi magana, wallahi da na ce ka ɗauka."

Kod ɗin yana nan a babban site, ba abin da ya same shi. Application na buɗewa. Jiya na taɓa "wake", ta yi ta juyi, shiru. Na yi ƙoƙarin tuno abin da kakata ta ce a kansa. Maganar hauyar kaɗai na riƙe.