Farin Ƙyallen Mai-Shimfiɗa

Akwai bayin da Allah Ya raba wa tsoro kamar yadda Yake raba arziki, ya zo musu a yalwace ba tare da sun nema ba. Mai-Shimfiɗa yana cikinsu. Ɗan tela ne, a gindin keken ɗinki ya tashi, ko rago ya ɗago kai sai ya sake hanya. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jera faranti a wani otal na cikin gari, har otal ɗin ya rufe a lokacin da 'ya'yansa suka fi bukatarsa. Ƙanin matarsa, wanda ke aikin jagora a wani masaukin alfarma a tsakiyar gandun namun daji, shi ya samo masa gurbi.

"Yaya, kwantar da hankalinka," in ji Jagora ranar da ya zo ɗaukarsa. "Zaki ba ya ɓata haƙorinsa a kan ƙashi da fata."

Matar Mai-Shimfiɗa ta ce, "Ka dai dawo mini da shi yadda ka ɗauka. Mutumin da ni ke kashe masa kyankyaso."

Ga yadda aikin yake. Baƙi masu hannu da shuni sukan fita yawon kallon namun daji da ƙafa bayan fitowar rana, Jagora a gaba, mai bindiga a baya, su ƙare tafiyar a gindin wata tsamiya cikin kwari, inda za su tarar da karin kumallo a shirye. Direba kan riga su kai Mai-Shimfiɗa wurin da kayansa. Da yake rediyon oba-oba ba ta kamawa a kwarin, sai aka kafa ƙa'ida: Jagora zai tsaya a kan tudun da ke kallon tsamiyar, ya duba da madubin hangen nesa. In ya ga farin ƙyalle a kan tebur, wurin lafiya yake, su gangaro. In bai gani ba, ya juya da mutanensa.

Shekaru ya yi a haka, kuma ko rana ɗaya tsoron bai ragu ba. Malamai sun ce mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da fata. Shi nasa fatan bai wuce ya ji ƙarar mota ba.

Wata safiya aka manta tukunyar gas, Direba ya koma ɗaukowa, ya bar shi shi kaɗai. Ya shimfiɗa ƙyallen, ya daidaita kusurwoyinsa, ya jera kofunan gilashi da cokula da tulun fure. Yana ajiye kofin ƙarshe ya ji wani ɗan kuka kamar na mage. Ya karkata ido. A ƙarƙashin sarƙaƙiyar da ke bayan tsamiyar, nisan da bai fi faɗin ɗaki ba, zakanya ce kwance, 'ya'yanta suna tsotso. Ta daɗe tana kallonsa.

Ya nemi addu'ar da ya haddace tun yana yaro, harshe ya ƙi juyawa, sai zuciya ta karɓa. Abin da aka koya masa shi ne kada ya gudu, kada ya yi ƙara, kada ya motsa. Zai iya tsayawa haka har mota ta zo. Amma ƙyallen yana nan fari fat a cikin rana, yana kiran mutane. In Jagora ya hango shi zai gangaro da baƙinsa ta hanyar da ta bi gefen sarƙaƙiyar, shi ne a gaba, kuma uwa mai shayarwa ba ta tambayar wa ya zo.

Fizge ƙyallen ba zai yiwu ba, gilasan za su tarwatse. Ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki kofi ɗaya, ya sunkuya ya ajiye shi a kan yashi. Zakanyar ta ɗaga kunne. Ya ɗauki na biyu. Kofin ya taɓa cokali, ya yi ƙara siririya. Ta ɗago ƙirji, ta saki gurnanin da ya ji shi a cikin hanjinsa kafin kunnensa. Bindinta ya shiga dukan ƙasa. Ya daskare da kofin a hannu, gumi yana shiga masa ido, bai isa ya share ba. Sai da ɗaya daga 'ya'yan ya ja hankalinta, sannan ya ci gaba.

Da tebur ya zama wayam, ya kama bakin ƙyallen ya riƙa jawo shi kaɗan-kaɗan yana dunƙulewa a cikinsa, ya tura shi cikin rigarsa. Ta wutsiyar ido ya ga ɗigon mutane sun bayyana a kan tudun. Suka tsaya. Suka daɗe a tsaye, har ya fara zaton an riga an ga farin. Sannan ɗigon suka juya, suka ɓace a bayan tudun.

Yana nan a ƙame har Direba ya iso, ya fahimci abin da ake ciki, ya lallaɓo da motar ya gitta tsakaninsu. Sai da aka ɗaga shi aka sa a ciki.

A masauki baƙi suna ta ƙorafin yunwa. Da Direba ya ba Jagora labari, sai ya je ya sami Mai-Shimfiɗa zaune a bayan kicin.

"Yaya, na tsaya ina zaginka a raina, na ce tsohon nan barci ya yi."

"Da ka gangaro ka tashe ni mana."

Jagora ya ɗauko buta. Ya zuba masa shayi, ya ga kofin yana kaɗawa a hannunsa, sai ya riƙe masa gindin kofin har ya shanye.

Rawar hannun ba ta bar shi ba har yau. Ya daina zuba wa baƙi shayi, amma da asuba shi ke hawa motar zuwa kwari, yana salati, yana duban kowace ciyawa.