Nabawiya Mai Ƙwai da Gamsheƙarta

Shekara ashirin da ɗoriya Nabawiya ta yi tana fita daga ƙauyensu Abu Rawash da kwando a ka, tana bin ƙauyukan nesa tana sayar da ƙwan kaji da na tattabaru. Doguwa ce marar surutu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ba a kuma taɓa jin ta yi cacar baki da kowa ba. Matan gidaje suna son ta don ba ta kawo baragurbi. Abin da ba su sani ba, a ƙarƙashin ƙaiƙayin da take shimfiɗa wa ƙwan akwai 'yar jaka, cikin jakar kuma gamsheƙa ce a naɗe.

Mijinta Shahat mai kama macizai ne, gadon gidansu. Tun yana saurayi ya ɗora hannu a hannun shaihinsu ya yi alkawarin ba zai taɓa kashe maciji ba. Wannan alkawari shi ne jarinsa, ba ya buɗe baki sau uku bai ambace shi ba. To amma maciji ba kullum yake shiga gidan mai hali ba, shi kuwa Shahat cikinsa ba ya hutu. Sai ya tsara musu aiki. Nabawiya ta shiga gida da talla, ta roƙi ruwan sha, kafin a kawo ruwan, ta saki gamsheƙar bayan tanderun gurasa. Da an ƙwalla ihu sai ta dafe ƙirji ta ce ai ta ga wani shaihin macizai a bakin kasuwa. Can sai ga gogan naka da koren rawani, yana buga sanda yana karance-karance, ya zaro abar gaban jama'a, a cika masa ciki da aljihu. Da yamma kowa ya bi hanyarsa daban, su haɗu a gida.

Gamsheƙar ƙarshe ta shekara tara a hannunsu. Shahat "kayan aiki" yake ce mata, Nabawiya ce ta raɗa mata Sukkara. Ita ke wanke tulun da gamsheƙar ke kwana ciki, ita ke kamo mata kwaɗi a bakin magudanar ruwa, in ta yi saɓa ta adana fatar a akwatin kayanta. Tana sonta, so na gaske, ba ta kuma jin kunyar faɗa ko da maƙwabta na dariya. Aikin Shahat a kanta ɗaya ne: duk bayan 'yan watanni haƙoran dafi sukan sake tsirowa, sai ya danne mata kai ya sa filaya ya fizge.

A fizgar ƙarshe ya haɗo da nama. Bakin ya kumbura, ya fara ɗoyi, Sukkara ta daina ci.

Da farko Nabawiya ta ɗora wa sanyi laifi, ta riƙa fito da tulun rana. Aka yi mako biyu. Ta jefa mata kwaɗo, kwaɗon ya hau bayanta ya zauna abinsa. Ta kawo ɗan tsako, haka ya yi ta tsiyau-tsiyau a tulun har ta cire shi. Sai ta koma wanke bakin da ruwan gishiri safe da yamma, ta shafa zuma da gashin kaza, ta kaɗa ƙwai ta ɗura mata ta cikin karan alkama. Rabin abin ya dawo waje. Kwana arba'in, fatar ta saki, ƙashin baya ya fito kamar tasbaha.

"Ke, wai asibiti kika buɗe min a gida?" in ji Shahat, yana yagar gurasa yana dangwalar wake. "Zumar da ko ni ban lasa ba!"

"Maigida, kumburin ya fara saɓewa. Ka ba ta wata ɗaya."

"Wata ɗaya in ci me? Abar da ba ta iya fasa kai, wa zai ji tsoronta? Igiyar guga ma ta fi ta kwarjini."

"Kai ka ji mata ciwon."

Ya ajiye gurasar ya dube ta. "Na kashe ta? Faɗa min, na kashe ta? Da kin haifi ɗan mutum da ba ki zauna kina renon tsutsa ba."

Nabawiya ta koma wajen tulun, ba yau ta fara jin irin wannan magana ba.

Ranar Alhamis ya ce ta shirya, gidan Alhaji Mitwalli mai gonar dabino za a je. Ta ce Sukkara ba za ta iya ba. Ya rantse mata aiki ne na minti goma, ba abin da zai same ta, in sun dawo ma ta huta har bazara. Ta yarda, don dai ba ta da inda za ta kai ƙara. Gudun kada jaka ta goge mata baki, ranar ba ta ɗaure ta ba, ta kwantar da ita a sake cikin ƙaiƙayi, ta jera ƙwai a sama, ta hau motar haya da kwandon a cinya.

Komai ya tafi yadda aka saba. Hajiya Insaf, matar gidan, ta tafi kawo ruwa, Nabawiya ta zura hannu ta sauke Sukkara bayan tanderu. Aka yi ihu, aka kira shaihi. Shahat ya shigo yana buga sanda, ya zaro ta da hannu ɗaya, ta rataye laƙwas, ko motsin kirki babu. Tsakar gidan ya cika da maƙwabta, wani ya ce, "Wannan ce ake ta kururuwa a kanta?" Aka yi dariya. Nabawiya ta ga kunnuwan mijinta sun yi ja.

"Dariya kuke yi?" in ji Shahat. "Addu'ata ce ta ɗaure ta. Wannan da kuke gani ta kashe mutum uku a ƙauyen gaba. In na kai ta sahara na sake ta, wallahi sai ta dawo gidan nan, ta riga ta ji ƙanshin jikokinka, Alhaji."

Alhaji Mitwalli ya tsorata. "To kashe ta, Shehi! Ko me kake so zan ba ka."

"Ni? A'uzubillahi! Da alkawari a wuyana, hannuna ba ya kashe maciji." Ya shafa gemu. "Amma hannuna ya gaji. In na ajiye ta a ƙasa na juya baya, abin da mai gida ya yi a gidansa ba ruwana."

Ya ajiye ta, ya juya baya, ya ɗaga hannu sama yana salati. Sukkara ba ta gudu ba. Ta ɗaga kai da ƙyar, ta fara jan jiki ta nufi inda mata suke, wajen kwandon da ta sani. Mata suka watse da ihu, Nabawiya kaɗai ta rage a tsaye. Da ta ce uffan, da an gane su, da ita da shi ba mai fita gidan da ƙafarsa. Ba ta ce ba.

Alhaji ya rarumo fartanya ya sauke mata sau uku.

A sara na uku cikin ya fashe, sai ga gwaiduwa ta malalo, rawaya shar, da ɓawon ƙwan tattabara. Hajiya Insaf ta yi salati. "Kun ga ɓarauniya! Ashe ita ke shanye min ƙwai!" Nabawiya ta dubi kwandonta. A gefe, inda ta jera na tattabaru da safe, akwai gurbi ɗaya babu komai. A mota Sukkara ta ci, da kanta, ba kara ba ɗura, bayan kwana arba'in.

Hajiya Insaf ta rungumi Nabawiya. "'Yar albarka, ke kika nuna mana shaihin nan. Ya kika tsaya kamar gunki? Yi mana guɗa mana!"

Shahat ya waigo ya kafa mata ido. Nabawiya ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗa, mai tsawo, har muryarta ta tsage. Matan suka ce ba su taɓa jin mai daɗinta ba.

Da yamma ta tarar da shi a gida yana cin tattabarun da aka ba shi, ga sabuwar jaka a gefe tana motsi. "Wanke tulun nan," ya ce, bai ko ɗago ba. "Wannan da haƙoranta, miƙo min filaya."