Jirgin Kawuna Mai Tankuna

Duk wanda ya rubuta tarihin ƙera jiragen sama bai ware wa unguwarmu ta Nakkasa, a nan ƙasa mai tsarki, babi guda ba, to ya zalunci ilimi. Ina da hujja, domin ni ne babban injiniyan kamfanin, kawuna kuma shi ne masana'antar gaba ɗayanta.

Kawu maƙerin tankunan ruwa ne. Ni a lokacin sabon malamin makaranta ne, na karanta littattafai uku a kan jiragen jet na farko, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar mutane su huta ba. Kullum bayan La'asar nakan je warsharsa, wato shagon aikinsa, inda dattawa ke shan shayi, in ba su labarin yadda aka wayi gari bayan yaƙin duniya na biyu ana yar da farfela, kamfanoni suna rige-rigen ƙera jirage da makamai masu linzami.

Kujera ɗaya ce a warshar mai daraja, wadda ke gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, inda sanyi ke bugun ƙeya. Ta kawu ce tun kafin a haife ni. Taubashinsa, wani tsohon tela da iyayensa suka zo ta Sudan, ya daɗe yana harararta.

"Ka ji mutanen kirki," in ji tela. "Ƙarfe ɗaya, wasu sun ɗaga shi sama, kai kana nan kana ƙera akwatin ruwa."

"Ni ma da na so, da na ɗaga."

"Kai? Ko tsani ba ka hawa sai da addu'a."

Nan aka ƙulla. Kawu zai ƙera jirgi mai tsawon kamu uku, a harba shi daga saman soro. In ya tsallake titi, tela zai yi wata guda yana zuba shayi. In bai tsallake ba, kujera ta tashi daga hannun kawu har abada.

Na ba da ilimi ba rowa. Na ce a karkata fukafukai baya, haka injiniyoyi suka gano sa'ad da gudu ya kusa kamo na sauti. Na ce tagogi su zama zagayayyu, domin jirgin jet na fasinja na farko mai tagogi masu kusurwa ta kusurwar ya riƙa tsagewa. Kawu ya bi duka, har da nutsar da kan ƙusoshi. Abu ɗaya ya ƙi. Na ce a nemo alminiyam marar nauyi.

"Ustazu, wannan ai takarda ce. Shekara arba'in ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Ka so a ce abin da ya fita daga hannuna ya lotse?"

"Kawu, jirgi ba tanki ba ne."

"Aiki aiki ne. Halas, magana ta ƙare."

Ya sa ƙarfen tanki mai kauri, ya bi kowace gaɓa da walda sau biyu, kamar yadda ya saba. Mutum biyu muka hau da shi soro, muna hutawa a kowane bene.

Ran Juma'a da yamma aka ɗaure robar taya tsakanin turaku biyu, aka ja, kawu ya yi bisimilla, aka saki. Ba zan ce bai tashi ba, tunda ya bar soron. Ƙarar saukarsa kuwa ta fito da maƙwabta.

Tela bai tsaya ganin ƙarshe ba, tuni ya shige warsha ya miƙe ƙafa. Kawu ya sauko, ya juya jirgin, ya shafa cikinsa, fuskarsa fal annuri.

"Ku duba! Ko lotsawa bai yi ba!"

"Masha Allahu," in ji tela daga gaban mukayyif. "Zubo shayi, ya injiniya."

Ni na yi awon da kaina, saboda tarihi. Taku huɗu ya yi daga gindin bango, uku daga ciki mirginawa ce.