Damin Harawa a Sabon Kekena

Da kaka na koma ƙauyenmu da sabon keke, wai in riƙa motsa jiki a turbobin gonaki, inda mota ba ta bi. Wajen Watari na riski wani dattijo da damin harawa a ka, wuyansa har rawa yake. Na sauka na gaishe shi.

Ya ce, "Ina za ka, ɗana?"

Na ce, "Ba ko'ina, Baba, yawo ne kawai."

Ya dubi gumina da tausayi, ya ce, "To, kada wahalarka ta tafi a banza." Ya ɗora harawar a kan keken, na tura har ƙofar gidansa, yana biye yana sa mini albarka.

Tun ranar ba na fita sai da igiya a aljihu.